Wuƙar Hamburg da ƙuri'ar Rum: bashin da wasan tanis bai biya Monica Seles ba

Idan masu bibiyar wasan tanis suka zauna lissafin matan da suka fi yin fice a wannan fage, sukan ambaci Monica Seles da manyan kofunanta 9, wato kofunan gasa huɗu mafiya girma da ake yi kowace shekara, sannan su ƙara da cewa da ba don abin da ya same ta a birnin Hamburg na ƙasar Jamus a 1993 ba, da lissafin ya wuce haka nesa ba kusa ba. Daga nan sai a wuce zuwa wata, kamar dai labari ne na wadda tsautsayi ya rutsa da ita, wani mai rangwamen hankali ya daba mata wuƙa, babu kuma wanda za a tuhuma. Ni ban yarda da wannan gajarta labari ba. Mutumin da ya soke ta ya zo ne da buri ɗaya tak, wato ya sauke ta daga matsayi na ɗaya a duniya domin gwanarsa Steffi Graf ta koma kai, kuma wuƙarsa ita kaɗai ba ta isa ta cika masa wannan buri ba. Waɗanda suka ƙarasa masa aikin mutane ne masu cikakken hankali: masu shirya gasar, da shugabannin ƙungiyar ƙwararrun mata 'yan tanis ta WTA, da abokan sana'arta, da kuma kotu. Kowannensu ya bi abin da yake ganin ita ce ƙa'ida, amma da matakan nasu suka haɗu sai ga shi maharin ya samu duk abin da ya nema, kuma kusan bai biya komai ba.

Sai mai karatu ya san wace ce Seles kafin wannan rana, sannan zai gane girman abin da aka rushe. An haife ta ranar 2 ga Disamba 1973 a garin Novi Sad na tsohuwar ƙasar Yugoslabiya, wanda yanzu yake cikin Sabiya, kuma iyayenta 'yan ƙabilar Hangari ne. Mahaifinta, Karolj Seles, mai zanen barkwanci ne a jarida, ba kocin tanis ba, amma shi ya fara koya mata wasan a filin ajiye motoci, yana ɗaura igiya tsakanin mota da mota a madadin raga. Bahaguwa ce, kuma ta taso tana riƙe raket, wato abin bugun ƙwallon, da hannu biyu ko ƙwallo ta zo ta dama ko ta hagu, abin da ƙwararrun masu koyarwa na wancan lokaci suke ganin lahani ne domin yana rage wa ɗan wasa tsawon miƙa. Ita kuwa ta mayar da shi makami, domin takan tsaya daf da layi ta tari ƙwallo tun tana tasowa daga ƙasa, ta mayar da ita da ƙarfi zuwa kusurwar da abokiyar karawarta ba ta zata ba. A 1986 ta koma makarantar tanis ta Nick Bollettieri a jihar Florida ta Amurka, a 1989 ta shiga sahun ƙwararru tana shekara 15, kuma a cikin wannan shekarar ta ci kofinta na farko a Houston, inda ta doke Chris Evert a wasan ƙarshe.

A lokacin Steffi Graf ce sarauniyar wasan, ba ta da kishiya. A 1988 Bajamushiyar ta haɗa manyan gasa huɗu na shekara gaba ɗaya, wato na Ostareliya da na Faransa da Wimbledon da na Amurka, ta ɗora da zinare a wasannin Olamfik na Seoul. Wannan ce matar da yarinya 'yar shekara 16 ta tunkara. A watan Mayun 1990 Seles ta doke Graf a Berlin, a gaban 'yan ƙasarta, ta katse mata jerin nasarori 66 da ta yi babu faɗuwa. Makonni kaɗan bayan haka ta sake doke ta a wasan ƙarshe na gasar Faransa, ta zama mafi ƙarancin shekaru da ta taɓa ɗaga wannan kofi. A watan Maris na 1991 ta karɓe matsayi na ɗaya, bayan Graf ta riƙe shi makonni 186 a jere. Daga Janairun 1991 zuwa Janairun 1993 Seles ta shiga manyan gasa 8, ta lashe 7, ɗayar da ta kuɓuce mata kuwa ita ce Wimbledon ta 1992, inda ta kai wasan ƙarshe Graf ta doke ta, bayan jaridun Ingila da wasu 'yan wasa sun tasa ta gaba kan ihun da take yi idan ta bugi ƙwallo, har ta buga wasan ƙarshen tana danne muryarta. A wasan ƙarshe na gasar Faransa ta 1992 ita da Graf sai da suka kai 10-8 a turmi na uku kafin Seles ta yi nasara. Da ta sake doke Graf a gasar Ostareliya a Melbourne a Janairun 1993, tana da manyan kofuna 8, ba ta cika shekara 20 ba.

Ranar Juma'a 30 ga Afrilu 1993 tana karawa da Magdalena Maleeva ta Bulgariya a filin Rothenbaum na Hamburg, a wasan kusa da na kusa da na ƙarshe. Ta ci turmin farko 6-4, tana gaba a na biyu da 4-3, ta zauna a kujera domin ɗan hutun da ake yi idan za a sauya ɓangare, bayanta yana fuskantar 'yan kallo. Wani mutum mai suna Günter Parche, ɗan shekara 38, ma'aikacin masana'anta daga gabashin Jamus wanda ya rasa aikinsa, ya gangaro ta tsakanin jama'a ya miƙo hannu ta kan shinge ya caka mata wuƙar fawa tsakanin kafaɗunta. Da farko mutane sun ɗauka siyasa ce, domin yaƙi yana ci a Yugoslabiya a lokacin, amma Parche da bakinsa ya faɗa wa masu bincike cewa don Graf ya yi, ba ya iya jure ganin wata a samanta. Wuƙar ta shiga kimanin santimita ɗaya da rabi, ta kauce wa lakarta da ƙyar. Raunin na jiki ya warke cikin 'yan makonni. Seles kuwa ba ta sake buga gasa ba sai bayan fiye da shekara biyu.

Matakin farko da nake ganin an yi kuskure a kansa shi ne ci gaba da gasar. Seles tana kwance a asibiti a cikin birnin, aka koma fili aka buga sauran wasannin, ranar Lahadi aka yi wasan ƙarshe, Arantxa Sánchez Vicario ta doke Graf, aka miƙa kofi aka raba kuɗi. Graf ta je asibiti ta duba ta, kuma Seles ta ba da labarin cewa a wannan ziyara ce ta gane ba a dakatar da komai ba, domin baƙuwar tata ta yi sallama za ta tafi buga wasa. Na san hujjar da akan kawo a irin wannan hali, cewa dakatar da wasa miƙa wuya ne ga mai ta'asa. Hujjar tana da ƙarfi idan burin maharin shi ne ya hana a yi wasan. Parche bai zo hana wasa ba, ya zo ne ya cire mutum ɗaya daga cikinsa domin a ci gaba ba tare da ita ba, saboda haka ci gaba da gasar shi ne ainihin abin da ya roƙa.

Mataki na biyu ya fi wannan nauyi, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai. Bayan kimanin mako ɗaya, lokacin gasar birnin Rum, aka tara 17 daga cikin 'yan wasa 25 da suke saman jadawalin matsayi na duniya, aka tambaye su ko a ajiye wa Seles matsayinta na ɗaya har ta warke. Kamar yadda ita kanta ta bayyana a littafin tarihin rayuwarta na 2009, dukkansu sun ce a'a in ban da Gabriela Sabatini ta Ajantina, wadda ta ƙi jefa ƙuri'a. Tun da jadawalin ana gina shi ne kan makin da mutum ya tara a cikin makonni 52 da suka wuce, sakamakon wannan ƙuri'a a bayyane yake. A watan Yunin 1993 Graf ta koma matsayi na ɗaya, makin Seles ya riƙa zagwanyewa wata bayan wata har sunanta ya fita daga jadawalin gaba ɗaya.

Ba zan yi wa waɗannan mata rashin adalci ba, domin suna da abin faɗa. Matsayi a tanis ba ado ba ne, abinci ne. Shi yake nuna wadda za a raba da manyan 'yan wasa a zagayen farko na gasa da wadda za a jefa musu, kuma yarjejeniyar da 'yan wasa suke ƙullawa da kamfanonin takalma da tufafi da raket takan ƙunshi ƙarin kuɗi ga wadda ta hau matsayi kaza. Hawa mataki ɗaya yana iya zama bambancin kuɗi mai yawa ga mace da ta san sana'arta ba ta wuce shekara goma ko sha biyar. Babu kuma wanda ya san a lokacin tsawon jinyar, an fi zaton 'yan makonni ne. Sannan akwai masu cewa jadawali lissafi ne kawai, yana faɗin wadda ta ci wasanni a shekarar da ta gabata, ba ya tausayi kuma ba ya mugunta, idan aka fara taɓa shi don mutum ɗaya, gobe wadda ta karye a ƙafa ma za ta nemi a taɓa mata.

Duk da haka hujjar ba ta tsaya da ƙafarta ba. Wadda ta gurɗe ko ta karye a fili, haɗarin sana'a ne ya same ta, kowace 'yar wasa ta san da shi tun ranar da ta shiga. Wadda aka soka da wuƙa tana zaune a kujerar da masu gasa suka ajiye mata, kuma aka soke ta saboda lambar da take kai a jadawalin, wannan hari ne a kan jadawalin kansa. Idan ƙungiya ta bar lissafinta ya fitar da amsar da mai wuƙa ya tsara, ba ta kare tsarkin lissafin ba, ta nuna wa duniya ne cewa ana iya gyara shi da ƙarfe. Babban laifin kuma ban ɗora shi kan matan da suka yi zaɓen ba, na ɗora shi kan waɗanda suka kira zaɓen. Yawancin waɗannan 'yan wasa ba su wuce shekara 25 ba, Graf tana da 23, Sabatini 22, Sánchez Vicario 21, kuma kowace a cikinsu tana da riba idan ta ɗaya ta gusa. A kasuwa ma, idan wani ya sari mai rumfa don ya raba shi da wurinsa, ba maƙwabtansa masu sayar da irin hajarsa ake tarawa a tambaye su ko a ba wani rumfar ba, sarkin kasuwa ne yake yanke magana ya ɗauki nauyinta. Shugabannin tanis na mata sun guje wa wannan nauyi, suka miƙa shi ga mutanen da ya fi wa wuyar ɗauka, suka sami mafaka a bayan ƙuri'arsu.

Abin da ya ƙara tona asirin hujjar shi ne abin da aka yi a 1995. Da Seles ta nuna alamar dawowa, kuma aka ga yadda kasuwar wasan mata ta yi sanyi babu wadda take ja da Graf kamar yadda ita take yi, sai ƙungiyar, lokacin Martina Navratilova tana shugabancin 'yan wasa, ta amince a ba ta matsayi na ɗaya tare da Graf na wani lokaci. Wasu 'yan wasa sun yi ƙorafi, amma an yi, kuma sama ba ta faɗo ba. Ke nan abin da aka ce ba zai yiwu ba a watan Mayun 1993 ya yiwu bayan shekara biyu. Bambancin kawai shi ne a karo na farko Seles ce take buƙatar wasan ya tsaya mata, a karo na biyu kuwa wasan ne yake buƙatar ta dawo ta cika masa kujerun 'yan kallo. Navratilova ta cancanci yabo kan tsayuwar da ta yi, amma ga ƙungiyar wannan ihu ne bayan hari.

Sai kuma kotu. An gurfanar da Parche kan laifin jikkata mutum, ba yunƙurin kisa ba, domin an karɓi maganarsa cewa nufinsa ya ji mata raunin da zai hana ta wasa na ɗan lokaci. Likitocin ƙwaƙwalwa sun ce yana da matsala, kotu ta ɗauki hakan a matsayin dalilin sassauci, ta kuma duba cewa ya amsa laifinsa. A watan Oktoban 1993 aka yanke masa ɗaurin shekara biyu na je-ka-gyara-halinka, ya fita daga kotu ya tafi gida, bayan zaman da bai kai wata shida ba a tsare. An ɗaukaka ƙara, a 1995 wata kotun ta tabbatar da hukuncin. Seles ta kai masu shirya gasar ƙara tana neman diyya kan sakacin tsaro, kotun Hamburg ta kori ƙarar a 1996. Ta kuma yi rantsuwa ba za ta sake buga wasa a Jamus ba, kuma ta cika.

Ba na cikin masu cewa a yi watsi da halin ƙwaƙwalwar mai laifi, shari'a mai adalci dole ta dube shi. Amma idan kotu ta gamsu cewa mutum yana da larurar da ta sa ya ɗauki wuƙa ya yi tafiya zuwa wani gari ya soki yarinyar da bai taɓa magana da ita ba, to larurar dalili ce ta killace shi a yi masa magani, ba dalilin sakinsa ba. Kotun kuma ta auna laifin da zurfin rauni, ta ga santimita ɗaya da rabi, alhali abin da ya shirya ya raba ta da shi sana'arta ce, kuma ya raba ta. Ko da yake ƙasa daban ce da doka daban, kwatanci da shari'ar 'yar wasan tanis Petra Kvitová yana da amfani. A watan Disamban 2016 wani mutum ya shiga gidanta a Jamhuriyar Czech ya yanke ta a hannun hagu, hannun da take wasa da shi. An yanke masa shekara 8, da aka ɗaukaka ƙara aka mayar da su 11. Kvitová ta koma fili bayan kimanin wata biyar. Ba na cewa hukuncin ne ya warkar da ita, domin ta dawo tun kafin a yanke shi, amma daga baya ta yi tafiye-tafiyen sana'arta da sanin cewa wanda ya cuce ta yana kulle, Seles kuwa duk filin da ta shiga ta san nata maharin yana yawo.

Masu mamakin yadda ƙaramin rauni ya cinye fiye da shekara biyu suna mantawa da wannan. 'Yar wasan tanis takan zauna a kujera sau da yawa a kowane wasa, bayanta ga dubban mutanen da ba ta sani ba, kuma wannan ɗan zaman shi ne lokacin da take sauke numfashi ta tattara tunaninta. An mayar mata da wurin hutun wurin fargaba. A cikin wannan shekarar ta 1993 aka gano mahaifinta, wanda shi ne kocinta kuma abokin shawararta, yana da ciwon daji. Seles ta faɗi a fili daga baya cewa ta shiga matsananciyar damuwa, ta koma cin abinci babu ƙaƙƙautawa a ɓoye, ta yi ƙiba, kuma ta yi shekaru tana fama da wannan larura. Da ta dawo, jaridu sun fi maganar nauyin jikinta fiye da dalilinsa, wanda wannan ma wani zalunci ne ƙarami a kan babba.

Dawowar tata ta fara kamar almara. A watan Agustan 1995 ta lashe gasar Kanada a Toronto, gasarta ta farko, ta kai wasan ƙarshe a gasar Amurka inda Graf ta doke ta 7-6, 0-6, 6-3, sannan a Janairun 1996 ta ci gasar Ostareliya bayan ta doke Anke Huber. Wannan ne babban kofinta na tara, kuma na ƙarshe. Ta sake kai wasan ƙarshe a gasar Amurka ta 1996, haka kuma a gasar Faransa ta 1998, makonni kaɗan bayan rasuwar mahaifinta, inda ta fitar da Martina Hingis wadda take ta ɗaya a duniya kafin Sánchez Vicario ta doke ta. Ta zama 'yar ƙasar Amurka a 1994, ta taya ta cin kofin ƙasashe na mata sau uku, ta samo mata tagulla a Olamfik na Sydney a 2000. Wasanta na ƙarshe a fagen ƙwararru shi ne na zagayen farko a gasar Faransa ta 2003, ciwon ƙafa ya zaunar da ita, ta sanar da ajiye raket a hukumance a watan Fabrairun 2008 tana da kofuna 53. Rabin sana'arta na biyu ya isa ya zama abin alfahari ga kowace 'yar wasa, sai dai babban kofi ɗaya ne cikin shekara takwas ga matar da ta taɓa cin bakwai cikin shekara biyu.

A nan ne mutane sukan faɗa ramin da nake so mu kauce masa, wato ɗora wa Graf alhaki. Gaskiya ne alƙaluma suna jan hankali: manyan kofunan Graf 22 ne, 11 kafin Hamburg, 11 bayanta, kuma huɗun da suka biyo bayan harin a jere duk ita ta cinye su. Gaskiya ne kuma a wasannin ƙarshe huɗu na manyan gasa da suka haɗu kafin harin, Seles ta ci uku. Amma Graf ba ta aiki kowa ba, ita ma an cuce ta, domin wani da ba ta sani ba ya shafa wa nasarorinta tambayar da ba za ta taɓa iya amsawa ba. A jimlar haɗuwarsu 15 Graf ta ci 10, a filin ciyawa irin na Wimbledon kuma ta fi Seles nesa. Babu mai iya rantsuwa cewa Seles za ta ci kofi 20, domin ciwo da gajiya da tasowar irin su Hingis da 'yan gidan Williams, wato Venus da Serena, suna nan tafe ko da wuƙa ko babu. Yawan gardama kan wadda ta fi wata yana da daɗin hira, amma yana kawar da ido daga masu mulkin wasan zuwa ga 'yan wasa biyu da babu mai laifi a cikinsu, kuma na lura masu mulkin ba su taɓa ƙin wannan gardama ba.

An koyi wani abu, ba zan musa ba. Tun bayan Hamburg ne aka saba ganin masu tsaro tsaye bayan kujerun 'yan wasa lokacin hutu, fuskarsu ga 'yan kallo. Akwai kuma tsarin matsayi na musamman, wanda yake ba wadda ta daɗe tana jinya damar shiga wasu gasa da tsohon matsayinta. Amma dubi yadda sauye-sauyen suke zuwa. Serena Williams ta ci gasar Ostareliya a Janairun 2017 tana da juna biyu, ta tafi haihuwa, da ta dawo a 2018 gasar Faransa ta ƙi sa ta cikin jerin waɗanda ake ware wa matsayi, sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce sannan WTA ta gyara ƙa'idar masu dawowa daga haihuwa. Hutun haihuwa mai albashi kuwa sai a watan Maris na 2025 aka sanar da shi, da kuɗin asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya. Kowane gyara sai wata shahararriya ta fara shan wuya, duniya ta yi surutu, sannan a zauna. Tushen abin shi ne 'yan tanis ba ma'aikatan kowa ba ne a idon doka, kowace gashin kanta take ci, ita take biyan koci da jirgi da masauki, ranar da ba ta buga ba babu ko sisi. Masu gasa suna sayar da tikiti da haƙƙin nunawa a talabijin da sunanta, amma idan wani abu ya same ta a cikin filinsu, asarar tata ce ita kaɗai, kamar yadda hukuncin 1996 ya nuna.

Haɗarin kuma bai gushe ba. A watan Fabrairun 2025 a Dubai, Emma Raducanu ta hango cikin 'yan kallo wani mutum da ya riƙa bibiyarta, ta fashe da kuka ta laɓe bayan kujerar alƙalin wasa, sai da aka fitar da shi aka ci gaba. Yau ga shafukan sada zumunta da suke nuna wa kowa inda 'yar wasa take, ga 'yan caca da suke aika zagi da barazana duk lokacin da kuɗinsu ya nutse saboda wata ta faɗi. Saboda haka ina ganin maganar Seles ba ta tarihi kaɗai ba ce. Ya kamata ya zama a rubuce, tun kafin wani abu ya faru, cewa duk 'yar wasan da aka kai wa hari saboda sana'arta za a riƙe mata matsayinta cikakke har likita ya sallame ta, likitan jiki da na ƙwaƙwalwa duka, kuma ba za a kai maganar gaban abokan hamayyarta su kaɗa ƙuri'a ba. Idan ana tsoron tauye ta biyu, an riga an ga mafita a 1995, mutum biyu suna iya riƙe lamba ɗaya. Kuɗin da za ta rasa a lokacin jinya kuwa, inshora ce ya kamata ta biya, kuma kuɗin inshorar ya fito daga aljihun masu shirya gasa a matsayin sharaɗin ba su lasisi, tun da su ne suke tsara inda kujera za ta zauna da wanda za a bari ya matso kusa da ita.